Katako Mai Tauri da Maiƙo a Aikin Ƙera Jita: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina gyaran jita a Agege kafin in yi ƙarfin halin haɗa tawa tun daga tushe. Yanzu da wuya mako ya wuce wani bai tsaya bakin shago ba, ko yaro mai koyon aiki, ko kafinta ɗan'uwana daga Mile 12 ko Idi-Araba, ya tambaye ni a kan katakon nan masu nauyi da suke ƙin gam suke cinye kaifin zarto. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Jitar da nake magana a kai ita ce mai akwati, wadda take amo ba sai da lantarki ba. Sassanta kuwa zan kira su yadda muke kiransu a shago: fuska, baya, haƙarƙari, wuya, allon yatsu, sai jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, kamar dai na garaya.

Maigida, wane katako ne ake cewa mai tauri da maiƙo?

Na farko su ne dangin Dalbergia, waɗanda 'yan kasuwa ke kira rozwud: na Indiya, na Barazil, kokobolo na Amurka ta Tsakiya, da baƙin katakon Tanzaniya da Mozambik da Suwahili ke kira mpingo. Sai eboni na Kamaru da Gabon, ɗan'uwan kanyarmu ta Arewa. Shi eboni tauri ne ya yi masa yawa, maiƙonsa kaɗan ne. A namu na kusa akwai madobiya, wadda 'yan katako ke kira koso, da fadok mai ja kamar manja, da wenge, bubinga, iroko da tik.

Ka ɗauki guntu ka kankare shi da wuƙa, ka shafa yatsa. Mai maiƙo za ka ji shi da santsi kamar an goga masa kyandir, garinsa kuma yana dunƙulewa a maimakon ya tashi. Nauyinsa ma yana faɗa maka. Mita ɗaya ta ko'ina ta rozwud ɗin Indiya tana kai kilo 830, kokobolo ya haura 1,000, mpingo ya haura 1,200. Waɗannan biyun in ka jefa su a bokitin ruwa nutsewa suke yi.

To me ya sa ake shan wahalarsu, ga katako mai sauƙin aiki?

Saboda kowane sashe na jita da irin aikinsa. Allon yatsu da jaki suna shan gugar ƙarfe da gumin hannu shekara da shekaru, katako mai laushi ba zai jure ba, ramuka zai yi. Baya da haƙarƙari kuma in suna da nauyi da tauri sukan mayar da amo zuwa fuska, sautin ya daɗe yana ringi. Ka riƙe allon madobiya busasshe da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa, za ka ji yana amsawa kamar ƙararrawa. Ba banza ba masu balafon a Mali da Gini suke neman wannan itace.

Amma kada wani ya ruɗe ka cewa tsadar baya ita ce daɗin jita. Fuska ce ke yin mafi yawan aikin, ita kuma daga katako marar nauyi ake yinta, sifurus ko sida na ƙasashen sanyi, wanda nauyinsa wajen rabin na rozwud ne. A 1862 Antonio de Torres, maƙerin jita na ƙasar Sifen, ya haɗa jita da baya da haƙarƙari na kwali don ya nuna haka, kuma ta yi amo. Ni shawarata ga mai farawa ita ce ya yi jitarsa ta farko da maɗaci ko safele, ya bar masu maiƙon a allon yatsu da jaki kawai, har hannunsa ya faɗa.

A ina zan same su a Legas?

Kasuwar katako ta Amu a Mushin, nan muka saba zuwa, a dā kuma har da Oko Baba a Ebute Metta, inda ake hango gumagumai a kan ruwa daga bisa gadar Third Mainland. Iroko, tik, maɗaci, safele da kawo, wanda Yarbawa ke kira apa, ba sa wuyar samu. Madobiya, fadok da wenge sai an bincika. Kokobolo da rozwud ɗin Indiya kuwa sai an yi odarsu daga waje, a yanke, bayan ka karanta amsar doka da ke ƙasa.

Abin da ya fi sunan itacen muhimmanci shi ne yadda aka yanka shi. Ka duba bakin allon. In layukan jijiya suna tsaye daga sama zuwa ƙasa, shi kake nema, domin ba ya murɗewa sosai kuma ƙanƙancewarsa kaɗan ce. In suna kwance kamar baka, ka bar wa masu tebur. Farin gefen nan na bayan ɓawo ma ka guje shi, shi ƙwaro ke fara huda. Tsofaffin ƙofofi da gadajen iroko ko maɗaci da ake cirewa daga gidajen da ake rushewa sau da yawa sun fi sabon katako, don sun gama duk motsin da za su yi.

Mai sayarwa ya rantse mini katakon ya bushe. In fara aiki?

Kada ka fara. Ba lallai ƙarya ya yi maka ba, bushewar rufin ɗaki daban, ta jita daban. Katakon da ya zauna a iskar Legas, inda danshi ke kai kashi 80 cikin ɗari a yawancin shekara, ruwan cikinsa yakan tsaya wajen kashi 16. Jita kuwa ana haɗa ta ne da katako mai kashi 8, a ɗakin da danshinsa yake tsakanin 45 da 50. Masu maiƙo sun fi kowa jinkirin sakin ruwa, kuma in aka matsa musu da rana sai baki ya dare.

Da ka kawo shi gida ka narka kyandir ko kakin zuma ka toshe bakunan biyu. Ka tsaga shi zuwa kusa da kaurin da za ka yi aiki da shi, misali milimita 4 zuwa 5 na baya da haƙarƙari, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a kai. Tsohuwar ƙa'idar masu katako ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, kuma ga waɗannan itatuwa sau da yawa ba ta isa. In ba ka da na'urar auna ruwan katako, ka riƙa ɗora allo ɗaya a sikelin kicin duk mako kana rubuta nauyinsa a jikinsa da fensir. Ranar da nauyi ya daina sauka, ya daidaita da iskar wurin. Daga nan sai akwatin busarwa, wanda na yi bayaninsa a amsa ta gaba.

Na haɗa jita lafiya lau a nan, an kai ta Kano ta tsage. Me ya faru?

Wannan tambayar ita ce ta fi ci mini rai, domin ta same ni. Wani matashi ya karɓi jita a hannuna a watan Satumba, bayanta madobiya ce mai kyau, ya tafi da ita gida. A Janairu ya aiko mini da hoto: baya ya dare tun daga ƙasa har kusan tsakiya, za ka iya zura katin waya a tsagar, bakunan firet kuma, wato 'yan ƙarafan da ake dasawa a allon yatsu, sun fito suna yankar masa yatsa. Maiƙo ba shi da laifi a nan, gam ma bai saki ba. Na haɗa ta ne a iskar damina. A hunturun Kano danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya koma kashi 4 ko 5. Bayan jita mai faɗin santimita 40 zai so ya ƙanƙance da milimita 4 ko fiye, ga shi an manne shi da sandunan ciki da ba sa ƙanƙancewa ta tsawo. Ba shi da mafita sai ya tsage.

Jitar da aka haɗa a bushe in ta shiga danshi kumbura take yi kaɗan, tsirkiya ta ɗan tashi, amma ba ta fashewa. Wadda aka haɗa a jiƙe ita ce ba ta da rabo in ta haura Neja. Don haka dole mai aiki a Legas ya samar wa kansa busasshiyar iska. Wanda yake da hali ya keɓe ƙaramin ɗaki da na'urar tsotse danshi. Wanda ba shi da shi ya haɗa akwatin filawud mai ƙofa, ya sa ƙwan lantarki irin na dā mai zafi guda biyu a ƙasa, nesa da katako, ya huda 'yan ramuka a sama, ya rataye ma'aunin danshi a ciki. Iskar da take digiri 28 da danshi 80, in ka ɗumama ta zuwa digiri 38 danshinta yakan sauko wajen 45. Sassan jita su kwana a ciki mako biyu ko uku, kuma duk lokacin da za ka manna sandunan ciki ko ka rufe akwatin jita, ka fito da su, ka manna, ka mayar nan take.

Kwanakin da hazo ya sauko Legas a Disamba da Janairu su ne kakarmu. Ni nakan tara aikin rufe akwati in jira su. Wanda zai tafi Arewa da jita kuma nakan ce masa ya ajiye ta a jakarta tare da ɗan soso mai laima cikin gwangwanin sabulu da aka huda.

Gam ya ƙi kama mini kokobolo da tik. Ina kuskuren?

Yawanci a lokaci yake. In ka fere irin wannan katako ka ajiye shi, maiƙon ciki yana tasowa ya rufe fuskar, gam mai ruwa kuma ba ya ratsa maiƙo. Wanda ya gyara haɗi da yamma ya ce sai da safe zai manna, ya riga ya ɓata aikin. Ka shirya kilam, wato ƙarfen matse katako, ka gwada haɗin a bushe har ka ga haske ba ya ratsawa, sannan ka bi fuskokin biyu da makankari mai kaifi ko filen sau biyu ko uku, ka share da tsumma mai tsabta, ka shafa gam cikin minti 15. Kada ka taɓa wurin da yatsa.

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka ɗiga ruwa a kan guntun da ka kankare. In ɗigon ya baje ya jiƙa katakon, gam zai kama. In ya tsaya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, sake kankarewa. Sannan kada ka karce wurin da sanfefa mai kaushi wai don gam ya sami wurin riƙo. Gam ɗin katako ya fi son fuska biyu masu santsi da suka haɗu ƙam. Efoksi, gam ɗin nan da ake gauraya ruwa biyu, shi kaɗai ke son ɗan kaushi.

An ce in goge da asiton, sinadarin nan mai narka maiƙo, kafin in manna. Gaskiya ne?

Masu aikin sun rabu biyu a kan wannan. Wasu ba sa manna komai sai sun goge, wasu sun ce asiton yana narka maiƙon ne ya janyo wani daga ciki ya shimfiɗa shi a sama. Abin da na gani a bencina shi ne sabuwar kankara ta fi goge-goge. In dole sai ka goge, kamar a tik ko kokobolo mai naso, ka yi ta canja farin tsumma har ya daina ɗaukar launi, ka bari ya bushe sarai, ka manna a take. Fetur da kananzir kuwa kada su kusanci haɗi, don su kansu maiƙo suke bari.

Wane gam ya dace?

Titebond Original, mai jan murfi, shi ne mafi yawan maƙera ke amfani da shi, kuma yana kama rozwud, madobiya da fadok in an bi abin da na faɗa a kan sabuwar kankara. Farin gam na kujeru da ake aunawa a kasuwa yakan bushe da taushi, zafi da jan tsirkiya su sa haɗi ya riƙa zamewa a hankali. Gam ɗin fata, wanda ake narkawa a ruwa mai zafin digiri 60, yana bushewa kamar gilashi kuma ana iya buɗe shi in gyara ya taso. Zafin Legas yana ba ka ɗan lokaci kafin ya daskare, sai dai a kwaɓe ba ya kwana biyu bai yi wari ba, don haka ka kwaɓa na yini ɗaya.

Efoksi mai jinkirin bushewa nake sa wa allon yatsu na kokobolo ko mpingo, saboda ba shi da ruwan da zai karkatar da wuya. Mai minti biyar ɗin nan bai dace da jita ba. Sufa gulu kuma na cike ƙananan tsaga ne tare da garin katakon. Gam mai danƙo irin na masu takalma ba shi da wuri a jikin jita ko kaɗan. A damina kowane haɗi ka bar shi cikin kilam ya kwana, kada ka bi abin da aka rubuta a kwalba don ƙasar sanyi. Kafin ka amince da kowane gam a kan sabon katako, ka manna guntaye biyu, bayan kwana biyu ka sa a bais, wato ƙarfen matsewa na benci, ka doke su da guduma. In katako ne ya yage, gam ya ci. In haɗin ya rabu fes yana sheƙi, koma baya ka duba.

Jaki yana ɗagowa daga baya. Maiƙo ne?

Wani lokaci. Tsirkiya shida na ƙarfe suna jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70, na roba kuwa wajen 40, dare da rana. Amma jitocin da ake kawo mini, yawancinsu an manna jakin ne a kan fenti, ko kuma ƙasansa a miƙe yake alhali fuskar jita tana da ɗan doro. Ka kankare fentin har katako, daidai girman jakin. Ka shimfiɗa sanfefa a kan fuskar jitar ka goga ƙasan jakin a kai har ya ɗauki doron, ka kankare shi sabo, ka manna da kilam uku ta ramin amo. Kada a ɗaura tsirkiya sai bayan awa 48. Jitar da aka bari cikin mota a rana a Oshodi kuwa, kowane irin gam aka sa mata zai iya saki.

Kaifin kayan aikina ba ya daɗewa, sanfefa kuma tana toshewa.

Haka suke. Tik yana da yashi a jikinsa, iroko kuma wani lokaci za ka tarar da farin dutse a cikinsa wanda ke ɓantare haƙorin zarto. Ka sayi zarto mai haƙoran kabaid, ka ajiye dutsen washi kusa da hannu. Filen na yau da kullum yakan fizge jijiyar da ta sarƙe, musamman a bubinga da safele, don haka makankari, ɗan faifan ƙarfen nan, shi ne abokin aikinka. Yana fitar da siririn ɓawo a maimakon ƙura, kuma ba ya toshewa. Duk ramin sukuru ka fara huda shi, in ba haka ba kan sukurun zai karye a ciki. Tsagar firet a eboni ma ta zama daidai da ƙafar firet ɗin, wajen milimita 0.6, domin eboni ba ya matsawa. In tsagar ta yi ƙunci, firet 20 za su taru su tanƙwara wuyan baya.

Yaya ake lanƙwasa haƙarƙari ba tare da ya karye ba?

Ka sauke kaurinsa zuwa milimita 2 ko 2.2. Ka sami bututun ƙarfe mai kauri ka ɗaure a bais, ka zafafa shi daga ciki har digiri 150 ko ɗan sama. Alamarsa ita ce ɗigon ruwa ya yi rawa a kai kafin ya ɓace. Rozwud ɗin Indiya da kokobolo suna da biyayya, maiƙonsu da kansa yake narkewa ya tausasa su, fesa ruwa kaɗan ya isa. Jiƙa su cikin baho yana sa su kwantsa. Za ka ga danƙo baƙi yana tsattsafowa yana manne wa bututu, ka kankare shi kafin ya ƙone ya ɓata allo na gaba.

Fadok, wenge da eboni su ne masu gardama. Ka tallafi bayan allon da siririn faifan ƙarfe marar tsatsa, ka riƙa jujjuya shi a kan bututu kana jira. Akwai lokacin da za ka ji a tafin hannunka katakon ya saki, kamar yadda fata ke laushi in ta sha mai. Kafin wannan lokacin duk ƙarfin da ka sa karaya zai jawo. Da ka gama ka sa shi a katakon da aka yanka da siffar jitar ka matse, ya kwana biyu, sannan ya koma akwatin busarwa, tunda ka sake ba shi ruwa.

Na shafa banish mako biyu ke nan, har yanzu yana danƙo.

Banish mai mai da foliyuritan suna bushewa ne ta hanyar shan iska, sinadaran da ke cikin rozwud da kokobolo kuma suna hana wannan aikin. Ko wata ka jira ba zai bushe ba. Ka kankare shi duka, ka fara da shalak, wani irin ƙaro da ake narkawa a shafa, marar kaki, wajen giram 120 a lita ɗaya ta sifirit, shafi biyu ko uku marasa kauri. Shi ne katanga tsakanin maiƙo da duk abin da za ka ɗora daga baya.

Ka kula, sifirit yana narka launin katakon. Tsumma ɗaya in ya bi ta kan fadok ya hau farar fuska, jan ya zauna ke nan. Ka fara rufe fuska da fararen layukan baki tukuna, da tsumma daban. Wenge, fadok da madobiya suna da manyan ƙofofin jijiya, sai an cike su da efoksi ko garin katakon kafin sheƙi ya kwanta. Kada ka fesa fentin sheƙi na laka (lacquer) ranar da ake ruwa, fari-fari za ta yi kamar hazo. Allon yatsu kuwa ba a fentinsa, goge shi kawai ake yi.

Hannuna yana ƙaiƙayi, ina ta atishawa in na yi aiki da su.

Kada ka raina wannan, ɗan'uwa. Kokobolo ya yi suna wajen tayar da ƙuraje, ƙurar iroko tana jawo asma, ta katakon mansoniya takan sa haɓo da jiri, sartsen wenge kuma yana saurin yin ruwa in ba a cire shi ba. Abin tsoron shi ne jiki ba ya sabawa, ƙara tsananta yake yi. Na san kafinta da ya shekara yana aikin iroko lafiya, yau ko shagon da ake yanka shi ba ya iya shiga. Ka sa takunkumi na gaske, N95 ko wanda ya fi shi, da riga mai dogon hannu, domin gumi ne ke manna ƙurar a fata. Ka wanke hannu da fuska da sabulu kafin alwala da cin abinci, kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin yara. In numfashi ya fara yi maka wuya, ka ajiye aikin ka je asibiti, ka gaya wa likita sunan katakon.

Akwai dokar da ta hana saye ko fita da su?

Akwai yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, wadda Najeriya ke ciki. Rozwud ɗin Barazil yana rukuni na ɗaya tun 1992, cinikinsa tsakanin ƙasashe a rufe yake sai tsohon da ke da takarda. Daga 2 ga Janairu 2017 sauran dangin Dalbergia, da bubinga iri uku, da madobiya suka shiga rukuni na biyu, wato sai da izini. A Nuwamba 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa da dangin Dalbergia da bubinga, ban da na rozwud ɗin Barazil. A Fabrairu 2023 kuma maɗaci, kawo da fadok na Afirka suka bi sahu. Madobiya tamu ta sha sara ƙwarai, musamman a Taraba, ana lodinta zuwa Sin, har a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya.

Saye da aiki a cikin gida dokokin gandun daji na jihohi ne ke kula da su. Ƙetare iyaka da ɗanyen katako ko yankakken allo shi ke buƙatar takarda, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke bayarwa. In za ka yi odar allunan baya daga waje, ka tambayi mai sayarwa takardar CITES kafin ka tura kuɗi. Ka riƙa ajiye rasit, ka rubuta sunan itacen da ranar da ka saya a jikin kowane allo, kuma in ka gama jita ka ba mai ita takarda mai ɗauke da sunan katakon kowane sashe, don ranar da zai bi da ita ta filin jirgin Ikeja.